Tseren Keke na Zango-Zango: Tambayoyi da Amsoshi ga Wanda Kekensa Ke Gardama

A tseren yini ɗaya, idan keke ya lalace, ranar ce kawai ta tafi. A tseren zango-zango kuwa, wanda bai ƙarasa zangon yau ba ba ya cikin masu tashi gobe. Tour du Faso na Burkina Faso, da aka fara a 1987, yakan kai zango kusan 10, fiye da kilomita 1,000, cikin zafin ƙarshen Oktoba, wani wurin ma a kan burji. Tambayoyin nan na 'yan tsere masu tasowa ne, musamman masu hawa keke na hannu, waɗanda shagon kayan keken tsere ya yi musu nisa.

Saura wata guda a tashi, kekena kuwa kullum da ciwon da zai fito da shi. Ta ina zan fara?

Da wanki. Ruwa, sabulu, tsohon buroshi, ka goge shi ƙal sannan ka fito da shi hasken rana. Datti yana ɓoye tsaga, musamman a wuyan firam, da ƙasa inda feda ke juyawa, da bakin bututun sirdi. Daga nan ka bi shi da hannu. Matse birkin gaba ka riƙa tura keken gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya ci. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta, idonka a kan tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. In tana matsowa tana ja da baya, ƙafar ta karkace. Girgiza ta gefe da gefe, bai kamata ta yi wasa ba. Matsa sifok bibbiyu da yatsu, wanda ya saki za ka ji shi laƙwas.

Duk abin da ka gani ka rubuta, ka je wurin mai gyara da takardar a hannu. In ka ce masa "duba mini" kawai, abin da ya fi sauƙi zai duba. Watan nan da kake gani ba shi da yawa: kayan da za a aiko daga Legas ko daga waje suna iya cin sati biyu ko uku a hanya, kuma kana buƙatar hawa a kansu kafin ranar.

Yaya zan gane sarƙa ta ƙare, alhali ba ta tsinke ba?

Ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne suke cinyewa, sai ta ƙara tsawo a hankali. A sabuwar sarƙa, daga tsakiyar ƙusa zuwa ta gaba rabin inci ne cif. Ɗora rula a jikinta tana miƙe, sifiri a tsakiyar wata ƙusa. Ya kamata alamar inci 12 ta faɗa a tsakiyar wata ƙusar daidai. Idan ƙusar ta wuce alamar da kamar milimita ɗaya da rabi, sarƙar ta ci kashi 0.5 cikin ɗari. Ga mai giya 11 ko 12 a baya, lokacin canji ya yi. Mai giya 8 ko 9 yana iya ƙara jimawa zuwa 0.75.

Akwai tarko a nan. Tsohuwar sarƙa tana cinye haƙoran baya daidai da tsawonta, su saba da juna. Ka sa sabuwa a kan haƙoran da suka ci, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau, amma da ka miƙe tsaye ka taka da ƙarfi sai ta yi tsalle, gwiwarka ta bugi kan keke. Don haka a canza ta sati uku kafin tsere, a nemi tudu a gwada ta a kan ƙananan haƙora. In ta yi tsalle, haƙoran ma sun tafi, sai a canza su tare.

An ba ni kyautar sabon sirdi da sabon takalmi, saura kwana biyar. In sa?

Ka yi godiya, ka ajiye su sai ka dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sirdin da ya yi daɗi a minti 20 yana iya zama azaba a awa ta huɗu ta kwana na uku, kuma ƙarfen ƙasan takalmi in ya goce da 'yan milimita, gwiwa ce za ta biya. Abin da ya taɓa jiki, wato sirdi, takalmi, wando da tsawon kan keke, ba a canza shi a sati biyun ƙarshe sai in ya karye.

Na sayo kaya a kasuwa sun ƙi shiga. Ba duk keke ɗaya ba ne?

Nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Ɗauki taya. Keken tsere yana cin taya mai lamba 622, wadda ake rubutawa 700C. Kekunanmu na gida irin su Phoenix da tsohon Raleigh suna cin 635. Dukansu ana iya ce musu "inci 28", mai shago kuma zai rantse maka ɗaya ne, amma tazarar milimita 13 ta isa ta hana tayar zama. Ka duba lambobin da ke jikin tayarka, misali 28-622, su za ka nema. Bawul ma haka. Keken tsere siririn bawul yake da shi, wanda ake kira Presta, ramin rim ɗinsa ba ya karɓar kauri irin na mota, kuma famfon mai facin bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan kan da ake ɗaurawa. Ɗan kan nan bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ka sayi biyu. Idan rim ɗinka mai zurfi ne, ka tabbata wuyan bawul ya isa ya leƙo.

Sarƙa tana bin yawan giyar baya: ta giya 9 ta yi kauri ga haƙoran giya 11, kuma gaɓar da ake haɗa ta da ita, ita ma ta kowane adadi daban ce. Hannun giya na Shimano ba ya jan giyar baya ta SRAM daidai. Birkin mai kuwa, na Shimano nasa man daban, galibin na SRAM kuma man DOT suke ci irin na mota. Ka zuba na wannan a wancan, robobin ciki su kumbura, birkin ya mutu.

Sai ɗan ƙarfen da giyar baya take rataye a jikinsa, wanda masu keke ke kira hanga. Da gangan aka yi shi da taushi, don in an faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. Irinsa ɗaruruwa ne, kusan kowane firam da nasa, kuma a tsakiyar tsere da wuya ka samu wanda zai ara maka daidai da naka. Cire naka ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka yi oda tun yau. Ni a ganina, duk wanda ya tafi tseren kwanaki ba da hanga na biyu ba, caca ya je yi.

Faci ya dame ni. Sati guda sau uku.

Faci sau uku a ƙafa ɗaya yana da dalili guda, sai an nemo shi. Kafin ka cire tif, lura da inda bawul yake a jikin taya. Hura tif ɗin ka ga ramin. Idan yana ta waje, wani abu ne ya huda, kuma mai yiwuwa yana nan maƙale: ƙayar tsidau ko siririyar waya daga tsohuwar tayar mota takan karye a cikin roba, ido ba ya ganinta. Ɗauki ɗan auduga ka shafa cikin tayar a hankali ka zagaye, inda ya sarƙe nan take. Idan ramin yana ta ciki, wajen rim, to kyallen da ya rufe ramukan sifok ne ya goce ko ya tsufa. Idan ramuka biyu ne a jere, iska ce ta yi kaɗan, rim ya matse tif a bakin rami.

Yawan iska ma ba gwaninta ba ne. Mutum mai kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 28, wajen psi 65 zuwa 75 a ma'aunin iskar famfo ya ishe shi. Taya da aka cika ta yi tauri tsalle take yi a kan kwalta mai gargada, ta gajiyar da kai, ba ta ƙara maka gudu. Rim ɗin zamani marasa ƙugiya a baki kuwa ba a wuce psi 72.5 da su.

Game da taya marar tif, wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda: tana maganin ƙaya sosai, amma ruwan yana bushewa da wuri a zafinmu, sai an riƙa dubawa ana ƙarawa, kuma ɗaura ta yana son famfo mai ƙarfi. Wanda ya saba da ita ya ci gaba. Wanda bai taɓa ba, kada ya koya a satin tsere. Tif da aka yi wa faci na atisaye ne. Ranar tsere sabo ake sawa. Idan tayar kanta ta yage, yanki daga kwalin man goge baki ko tsohuwar taya, a shimfiɗa ta ciki, zai kai ka gida. Wasu takardar kuɗi ta leda suke ninkewa su sa, tana aiki kuwa, sai dai a tuna akwai dokar da ta hana wulaƙanta naira.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Taya biyu masu kyau, sai sarƙa, sai robar birki, sai wayoyin giya da na birki, sai hanga. In da saura, tif huɗu ko biyar, gaɓar haɗa sarƙa biyu, da sifok uku daidai da tsawon naka. Kada ka bi rashin nauyi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keke ya gaza kilo 6.8, amma a shimfiɗaɗɗun hanyoyin Sahel keke mai kilo 9 da ke sauya giya daidai ya fi mai kilo 7 da ke zubar da sarƙa. Inda tsaunuka suke, irin Tour du Rwanda da ake yi a watan Fabrairu, abin da ya fi ceton ƙafa shi ne babban haƙori na baya, 32 ko 34, muddin giyar bayanka za ta iya ɗaukarsa.

Kekena na kabon ne, na hannu na saya. Na ga wani layi a jikin firam.

Yana iya zama fenti ne ya tsage, yana iya zama firam ɗin. Ja farce a kai, ka danna da babban yatsa ka ji ko wurin ya yi taushi. Ƙwanƙwasa da kwabo kusa da layin da kuma nesa da shi: lafiyayyen kabon ƙara mai kaifi yake yi, wanda ya rabu ta ciki kuwa sai ka ji dum. Wannan gwajin yana iya nuna maka matsala, amma ba ya wanke firam daga zargi. Yi wa ƙarshen layin alama da biro. In ya ƙaru bayan hawa ɗaya, magana ta ƙare. Kabon ba ya walduwa, alminiyam kuma in mai waldar ƙofa ya taɓa shi, gefen waldar ne zai sake tsagewa. Firam na ƙarfe ne kaɗai ke karɓar irin wannan gyaran. A kula da ɗaure noti a jikin kabon: yawancin na kan keke Nm 4 zuwa 6 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, an rubuta a wurin, kuma hannun da ya saba ɗaure notin babur zai fasa shi.

Masu keke na hannu su duba wani abu. A Satumbar 2023 kamfanin Shimano ya yi kiran a dawo ko a duba hannayen feda samfurin Ultegra da Dura-Ace na giya 11 da aka ƙera kafin Yulin 2019, kusan 760,000 a Amurka da Kanada kaɗai, saboda suna iya rabewa ta inda aka manne su. Lambobinsu FC-6800, FC-R8000, FC-9000 da FC-R9100, suna rubuce ta cikin hannun, kusa da ramin feda. Kekunan shekarun nan su ne yanzu suke sauka a kasuwanninmu. In naka ne, duba layin mannin da kyau, ka kasa kunne ko yana ƙara idan ka taka.

Keken yana wurin gyara sati guda. Atisayena ya lalace ke nan?

A'a. Ƙarfin da aka tara cikin watanni ba ya zubewa a kwana bakwai. Hau kowane keke ka samu, ko na kai yara makaranta ne, ka daidaita tsawon sirdi. Abin da tseren kwanaki yake nema shi ne jikin da ya saba tashi da gajiyar jiya, don haka a watan ƙarshe a yi doguwar tafiya kwana biyu ko uku a jere, a huta, a sake. Kwana 7 zuwa 10 na ƙarshe dama rage tafiya ake yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne rama abin da ya wuce a satin ƙarshe, mutum ya isa wurin tashi a gajiye.

In ari keke?

Aro ba abin kunya ba ne. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Najeriya da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren da'ira. Sharaɗin shi ne girman firam ya yi daidai da kai, kuma ka mayar da ma'auninka a kansa. Tun kekenka yana lafiya ka auna abu uku ka rubuta a waya: daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, daga hancin sirdi zuwa kan keke, da yadda kan ya yi ƙasa da sirdi. Ɗauki sirdinka da fedarka ka ɗaura. Ka tambaya wane hannu ne birkin gaba, domin kekunan da suka fito daga Ingila dama ne, na Faransa da Amurka hagu. Ku kuma yi magana da mai keken a gaban shaida kan wanda zai biya in an faɗi.

Yaya zan kai shi can lafiya?

Kekuna da yawa a hanya suke lalacewa, a saman bas, ƙarƙashin buhun wani. Nemi kwalin keke. Kwance giyar baya daga hanga ka naɗe ta da tsumma ka ɗaure a jikin firam. Sa ɗan katako tsakanin ƙafafun fok kada a matse su. Mai birkin faifai ya cusa kwali tsakanin takalman birki. Fedar hagu a juye take kwancewa, mutane da yawa sun kashe zarenta da ƙarfin tsiya. Naɗa salatif a sandar sirdi daidai inda ta tsaya kafin ka zare ta. Takalmi, feda, hular kwano da wando su zauna a jakar hannunka, tare da lasin ɗin tsere da katin rigakafin shawara. In kwali ya makara, da waɗannan za ka iya hawa keken kowa. Mai giyar lantarki kada ya manta caja.

Idan ya lalace ana tsakiyar zango fa?

Ɗaga hannu, ka zame zuwa bayan ayari, ka tsaya a gefen dama. Al'adar da aka saba ita ce hannun hagu ƙafar gaba, na dama ƙafar baya. In ta baya ce, sauke sarƙa kan ƙaramin haƙori kafin ka tsaya, canjin zai yi sauri. Amma motar agaji ba ta da amfani in ƙafar da ke cikinta ba ta shiga kekenka: mai birkin roba da mai faifai ba sa musanya, faifan ma akwai milimita 140 akwai 160. Wannan maganar a daren farko ake yinta da makanikin tawaga, a rubuta sunan kowa a jikin ƙafarsa.

Karanta littafin tsere. A ciki za ka ga wa'adin da in ka wuce shi an fitar da kai, wanda ake lissafawa daga lokacin wanda ya zo na ɗaya. A zangon da ba a tudu yake ƙarewa ba, wanda ya yi faci ko faɗuwar mutane da yawa ta rutsa da shi a kilomita 3 na ƙarshe ana ba shi lokacin waɗanda yake tare da su, don haka babu dalilin ganganci a nan. Riƙe mota a ja ka kuwa kora ce.

Da can abin ya fi haka tsanani. A Tour de France na 1913 fok ɗin Eugène Christophe ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Doka ta hana a taimaka masa, sai ya saɓi keken zuwa wata maƙera a ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan ya gyara da hannunsa, ya yi asarar fiye da awa 3, alƙalai kuma suka ƙara masa tara saboda wani yaro ya zuga masa wuta. Na kusa-kusa shi ne na 2010: sarƙar Andy Schleck ta zame a hawan Port de Balès yana sanye da rigar jagora, Alberto Contador ya ba shi tazarar daƙiƙa 39 a ranar, kuma da daƙiƙa 39 ɗin ya riga shi a ƙarshen tseren gaba ɗaya, kafin daga baya a ƙwace nasarar a ba Schleck. Akwai ɗan ƙarfe mai araha da ake ɗaurawa kusa da haƙoran gaba don tare sarƙa kada ta faɗa ciki. Ka sa shi.

Me zan yi wa keken kowace yamma?

Ci abinci tukuna, ka cire jiƙaƙƙen wando, sannan keke. Bokiti da soso sun isa; injin wankin mota yana tura ruwa cikin boris ya kore giris. Goge sarƙa da tsumma har baƙin ya ragu, ɗiga mai gaɓa-gaɓa, bari ya shiga, sannan ka goge na waje tas. Baƙin mai na inji ƙura yake kamawa ya zama abin da ke cinye ƙarfe, kuma ko ɗigo kada ya taɓa faifan birki. Juya kowace taya a gaban tocila ka cire tsakuwa da ƙaya da bakin allura. Bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya. Iska da safe ake sawa, kuma kada a bar keke a rana kafin tashi. In an yi faɗuwa a ranar, ko ƙarama ce, tsaya ta bayan keken ka duba ko giyar baya tana tsaye sak. Hanga da ya lanƙwashe ciki yakan jefa ta cikin sifok a tudun farko na gobe.

Jikin fa?

A zafi, gora ɗaya ta mililita 500 zuwa 750 kowace awa ita ce mafi ƙaranci, ɗaya a cikin biyu da ɗan gishiri da sukari. Abinci tun awar farko ake fara ci, kamar giram 60 na mai ba da kuzari a awa. Ayaba babba tana da wajen 25, dabino kuma ba ya narkewa a aljihu. Wando biyu ko uku, a wanke kullum a shanya ya bushe sarai, ba a sa komai a ƙarƙashinsa, a shafa man kaɗanya inda sirdi ke gurza. Tiramol kuwa a nisance shi ko da wani ya ce yana kashe ciwo: UCI ta hana shi a tsere tun Maris 2019, kuma a kansa aka soke matsayi na 6 da Nairo Quintana ya samu a Tour de France na 2022.

Wace matsala ce za ta sa in haƙura da keken gaba ɗaya?

Tsaga a fok ko a sandarsa da ke cikin wuya, tsaga a kan keke, birkin da ba ya kamawa bayan an gyara, da rim da birki ya cinye har gefensa ya lotsa. Hular kwano da ta taɓa bugun ƙasa da kai a ciki ita ma ta gama aiki, ko ba a ga fashewa ba. Giya mai ƙara, ƙafa mai ɗan karkata, sirdi mai yagewa, duk ana iya lallaɓa su har kwana goma. Waɗancan kuwa a gudun kilomita 60 suke karyewa, a tsakiyar ayari, su kwashe na bayanka tare da kai. Ka gaya wa koci a ranar da ka gani, tun ana iya nemo firam na aro a mayar da kayanka a kai, ko a sa sunan wani kafin a rufe rajista.